Jinjina Ga Masu Raya Gem Na Tsohon Yayi

Duk wanda ya yi zaman gidan gem a Jibiya ko Katsina zamanin PlayStation na farko zai tuna Crash Bandicoot na 1996, da surorinsa masu kusurwa-kusurwa da tsallen rami. Manyan kamfanoni sun yi gaba, amma wasu tsiraru sun riƙe salon. Misali, wasannin Toree 3D na 2021 da Lunistice na 2022, kowanne kusan aikin mutum ɗaya ne. Shi ke zane, shi ke rubuta manhaja, ya yi ta gwada tsalle guda har ya zauna daidai a hannu. Haƙuri ne irin na masaƙi. Wasanninsu ba sa neman kwamfuta mai tsada, yaron garin Daddara ma zai iya bugawa. Matasanmu, ku sayi na halak, ku kuma koyi sana'ar.