Kifayen Oscar Peterson da sunan da ya dace da su

An haifi Oscar Peterson a 1887 a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, ya yi zamansa a garin Kadilak har rasuwarsa a 1951. Masassaƙi ne wanda bai koyi sana'arsa a makaranta ba, kuma abin da ya fitar da sunansa shi ne kifin itace.

Ba don ado aka soma yin wannan kifi ba. A can, in sanyi ya kama, tabki yakan daskare har mutum ya taka bisansa. Masunci sai ya huda ƙanƙara, ya kafa ƴar bukka mai duhu bisa ramin, ya zura kifin itace da zare, ya zauna da mashi yana jiran babban kifi ya taso wa na ƙarya. Saboda haka Peterson yakan rarake cikin itacen ya zuba dalma don ya nutse, ya kafa masa fikafikan ƙarfe, ya tanƙwara wutsiyar yadda in an ja zare zai yi ta kewayawa kamar mai rai. Gwanintarsa tana cikin wannan tanƙwara. Jikin siriri ne, babu tarkacen zane, launukan kuwa sun fi na kifin Allah haske, don a ƙarƙashin ƙanƙara abin da bai ɗauki ido ba bai yi aiki ba.

Ya kuma sassaƙa alluna masu siffar kifi na ratayawa a bango. Suna da kyau, amma kifin da ke jikinsu a tsaye yake cik. Ba a nemi ya yi iyo ba, kuma hannun mai shi ya nuna haka.

A 1990 wani gidan adana fasahar gargajiya na birnin New York ya baje kolin irin waɗannan kifaye. Darajarsu ta ƙaru, sai dai ma'auni ya sake: mai kallo ta bayan gilashi fenti yake yabawa, alhali masunci ba ya yanke hukunci sai ya ga abin cikin ruwa.

Ga mai rubuta littafin yaƙi da jahilci kuwa, wahalar ta suna ce. Mai fassara yakan yi saurin cewa "gunki", kalmar da ke ɗauke da ma'anar bauta, wadda ta isa ta sa ɗalibi ya rufe littafi tun daga shafin fari. "Mutum-mutumi" ya dace da siffar ɗan Adam da aka sassaƙa, amma bai hau kan kifi ba. "Kifin sassaƙa" ya faɗi yadda aka yi shi, ya bar dalilin yinsa. "Kifin yaudara" shi ya fi kusa, domin ya maida abin cikin jerin ƙugiya, da taru, da mashi, inda masuntan Mishigan suka aje shi.