Jinjina ga Matasan Kaduna Masu Fina-finan Almarar Kimiyya

Fim ɗin almarar kimiyya, mai nuna jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi da yaƙin zamanin da bai zo ba, yana daga cikin masu cin kuɗi a duniyar fim. Duk da haka, wasu matasa a Kaduna, yawancinsu 'yan uwa, sun kafa ƙungiyar The Critics Company, suka shiga wannan fage da ɗan abin da ke hannunsu. A 2016 suka fitar da fim ɗinsu na farko na almarar kimiyya, Redemption.

Kayan aikinsu na farko abin a yaba ne. Wayar salula ce mai fasasshen gilashi, an ɗora ta kan karyayyiyar sandar makirufo. Sun yi ta tara kuɗi har suka sayi koren ƙyalle, suka rataya a bango. Ɗan wasa yakan tsaya gaban ƙyallen, daga baya a cire koren a kwamfuta, a maye gurbinsa da rusasshen birni ko sararin sama, ta amfani da manhajar kyauta ta Blender. A YouTube suka koyi sana'ar, ga ɗaukewar wuta, ga tsadar data, shi ya sa fina-finansu gajeru ne.

A 2019 sunansu ya zaga duniya, kuma a 2020 J.J. Abrams, daraktan da ya yi aiki a Star Trek da Star Wars, ya aiko musu kyamarori da kayan aiki. Haƙurinsu da naci sun zama abin koyi ga matasan arewa, daga Kano har Sabon Birni da Isa.