Aikin Babban Gwani: Nazari a Kan Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya

Duk mai son ya san iyakar inda ginin ƙasa ya kai a ƙasar Hausa, ba shi da makawa sai ya dubi tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina kusa da fadar Sarkin Zazzau. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), kuma maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, aka fi saninsa da Babban Gwani. Har yau akwai unguwa mai wannan suna a Zariya.

A da, abin da ido ke fara kamawa a ciki shi ne bakan gizo. Ya kamata malamai su fahimci yadda ake yin sa, domin a nan gwanintar take. Azara, wato tsagin giginya, ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Saboda haka magini kan kafa azara a jikin bango ko ginshiƙi ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure ta, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, sannan ya ɗora wata a kanta ta ƙara karkatowa, haka nan daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama. Wannan kowane magini ya sani. Inda Babban Gwani ya yi wa sauran zarra shi ne yadda ya sa bakunan ke fitowa daga ginshiƙai kamar rassan kuka, suna gittawa juna, suna rarraba rufin gida-gida. Mutum na tsaye a ƙasa, idonsa zai bi ginshiƙi ya hau, ya bi baka ya tsallaka, ya sauko ta wani ginshiƙin ba tare da ya ga inda aka yi haɗi ba. Ginshiƙan suna da kauri ƙwarai daga ƙasa, amma da yake bakunan na sirancewa suna hawa, sai nauyin ya ɓace wa mai kallo, rufin ya zama kamar laima.

Zanen jikin ginshiƙan ma abin lura ne. Da ƙasar ginin kanta aka fitar da shi tun tana ɗanya: layuka a tsaye, kusurwoyi da da'irori, an zurfafa su sosai, kuma babu siffar wani abu mai rai. A nawa ganin, zurfin nan dabara ce ta wanda ya san ɗakinsa ba shi da haske da yawa. Ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofofi yana bugun tudun zanen ya bar kwarinsa cikin inuwa, sai inuwar ta yi aikin da fenti ke yi a wani wuri. Wanda ya kwatanta wannan da zanen gidajen attajirai na ƙarni na 20, inda ake cika fuskar zaure da dagi da launuka har da hoton keke, zai ga bambancin manufa. Mai zauren yana nuna wa mai wucewa arzikinsa ne, shi kuwa Babban Gwani ya taƙaita ado domin kada ya ɗauke hankalin mai salla. Ba na raina na attajiran, amma na masallacin ya fi natsuwa.

Sai dai mai ziyara a yau ba zai ga aikin yadda mai shi ya bar shi ba. A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabon masallaci na siminti. Hakan ya kare shi daga ruwan sama, amma ya tafi da siffarsa ta waje, wato tulluwar rufi da bangon da ke faɗi a gindi yana sirancewa sama, ya kuma sauya yadda haske ke shiga. Sa'ar da aka yi ita ce Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya auna ginin ya zana shi, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Akwai labarin baka da ke cewa wani sarki ya sa an kashe Babban Gwani don kada ya gina wa wani irin abin da ya gina masa. Labarin ya nuna yadda mutanen da ke ɗaukar aikinsa.

Dalilin kawo wannan nazari a littafin da ya shafi Zamfara shi ne, fasahar nan tamu ce mu ma. Tsofaffin soraye da zaurukan sarauta na Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi da Kurya Madaro da tubali da azara aka yi su, a kan wannan ƙa'ida ta baka. Yanzu bulo da kwano na ci gaba da maye gurbinsu, ga kuma rashin tsaro da ya tashi ƙauyuka, alhali ginin ƙasa idan ya yi damina biyu ba yaɓe, ya kama hanyar zubewa. Malamin da ke da irin wannan soro a garinsu zai iya kai ɗalibai su ƙirga bakunan, su dubi inda suka gitta, su zana a takarda, su kuma tambayi dattawan unguwa sunan maginin da shekarar da ya yi aikin.