Buhu a Matsayin Allon Zane: Tarken Ayyukan Ibrahim Mahama na Tamale

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun saba feɗe waƙa ko ƙagaggen labari ta hanyar duban jigo da salo da zubi da tsari. Ba kasafai ake ɗora zane da sassaƙa bisa wannan ma'auni ba, alhali kuwa su ma saƙo suke ɗauke da shi, sai dai da ido ake karanta nasu. Wannan maƙala za ta auna ayyukan Ibrahim Mahama, fasihin ƙasar Gana wanda ya yi suna wajen sarrafa tsofaffin buhuna da sauran tarkacen da aka yar. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, ƙarfin ayyukan nan ya rataya ne ga kusancinsu da mutanen da suka bar guminsu a jikin kayan, kuma duk lokacin da aka nisanta su daga waɗannan mutane sai saƙon ya raunana, ya nemi komawa ado.

2.0 Fasihin da Kayan Aikinsa

An haifi Ibrahim Mahama a Tamale, babban birnin arewacin Gana, a shekarar 1987. Ya yi karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, inda ya sami digirin farko a fannin zane a 2010, da na biyu a fannin zane da sassaƙa a 2013. Ke nan da fenti da burushi aka horar da shi, kuma wannan horo bai rabu da shi ba ko bayan da ya ajiye su.

Kayan da ya maye gurbinsu da shi shi ne buhun algarara, irin wanda aka riƙa gina dalar gyaɗa da shi a Kano. Ana saƙa buhun ne a Indiya da Bangaladash da zaren wani tsiro ɗan'uwan lalo. Hukumar cinikin koko ta Gana ita ke shigo da shi domin zuba 'ya'yan kokon da ake yin cakulan da su, a buga masa tambarin ƙasa. Idan ya gama wannan aiki sai ya faɗa hannun 'yan kasuwa, a zuba masara ko shinkafa, kowane mai kaya ya rubuta sunansa ko alamarsa da fenti. In ya yage a sa basilla a ɗinke, in ya huje a yi masa maho. Zangonsa na ƙarshe shi ne hannun masu gawayi, inda yake yin baƙi ƙirin. A nan Mahama ke tarar da shi, sau da yawa ya ba da sabo a ba shi tsoho, sannan ya tara mutane su ɗinke buhuna barkatai su zama shimfiɗa guda, wadda ake lulluɓe gini da ita.

3.0 Salo

Wanda ya tsaya dab da ɗaya daga cikin waɗannan shimfiɗu zai ga duk abin da ake nema a allon zane. Akwai launi, tun daga ruwan ƙasa mai haske na buhun da bai daɗe a kasuwa ba har zuwa baƙin na gawayi. Akwai layi, wato ɗinkin basilla da sawun igiya. Akwai kuma rubutu, wani bisa wani, wani an soke shi an sake. Bambancin kawai shi ne, babu ko ɗigo guda da fasihin ya sa da hannunsa domin ƙawa. Ɗan dako da mai awo da direban babbar mota da ruwan sama da rana su suka yi zanen, ba tare da sun san suna yi ba. Aikin Mahama shi ne zaɓe da jerantawa, wato ya san buhun da zai zauna kusa da wani domin duhu da haske su amsa wa juna.

Wannan salo ya sauya matsayin mai zane. A al'adar makarantun Turai, allon zane fari ne fes, ba shi da tarihi sai wanda mai burushi ya ba shi. Allon Mahama kuwa ya riga ya ƙetare teku, ya zaga kasuwanni, ya tsufa, kafin ya iso gare shi. Saboda haka ne ma aikin ya ƙi zama cikin firam. A 2015, a babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, wanda marigayi Okwui Enwezor ya shirya, Mahama ya lulluɓe dogayen bangaye biyu na wani lungu a tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta birnin. Mai kallo ba ya tsayawa gaban aikin, ratsawa yake yi ta tsakiyarsa, yana shaƙar warinsa. A 2016 ya rufe ginin gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Akra, a 2017 kuma ya rufe tsofaffin gine-ginen ƙofar gari a Kasal ta Jamus.

4.0 Jigo

Jigo na farko shi ne asali. Tambarin da ke jikin buhun yana cewa kayan Gana ne, amma a Asiya aka saƙa shi, abin da ya ɗauka kuma Turai da Amurka ya nufa. Buhu yana ƙetare iyakoki ba mai tambayarsa takarda, wanda ya ɗauke shi a ka kuwa ba shi da wannan dama. Akwai kuma asalin cikin gida. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka mayar da arewacin Gana wurin ɗebo lebura domin gonakin koko da ramukan zinariya na kudu, kuma har yau 'yan arewa na kwarara zuwa Kumasi da Akra neman abin kai. Cikinsu akwai mata 'yan dako da ake kira kayayei, sunan da rabinsa na farko kalmar Hausa ce, wato kaya. Da irin waɗannan 'yan ci-rani Mahama ya yi ɗinkin buhunansa. Ya kuma ɗauki hotunan damatsan wasu daga cikin matan, waɗanda suka yi zanen sunayensu da na danginsu a fata domin a gane su idan wani abu ya same su a baƙon wuri. Idan aka haɗa hotunan da buhunan sai ma'anar ta fito sarai: an rubuta suna a buhu don kada kaya su ɓata, an rubuta suna a damtse don kada mutum ya ɓata.

Jigo na biyu shi ne juriya. A nan ya kamata a yi hattara, domin kalmar tana da daɗin faɗi a bakin wanda bai ɗanɗani wahalar ba. Buhun da aka yi wa maho bakwai shaida ne na dabarar mai shi, haka kuma shaida ne cewa ba shi da kuɗin sabo. Ayyukan Mahama mafi nagarta suna riƙe da fuskokin nan biyu a lokaci guda. Alal misali, a 2017 ya nuna a Landan wani bango da ya gina da ɗaruruwan akwatunan katako irin na masu wanke takalma da gyaransu, waɗanda sukan riƙa ƙwanƙwasawa suna kiran ciniki. Kowane akwati ƙaramin jari ne na mutum guda, da gutsattsarin katako da ƙusoshi aka harhaɗa shi. Da aka ɗora su bisa juna sai suka zama katanga mai ban tsoro, kamar za ta rufto. Haka nan a 2019, a Mancesta, ya jera kujeru 120 na tsofaffin taragun jirgin ƙasa na Gana a siffar zauren majalisa, ya kira aikin Parliament of Ghosts, wato majalisar fatalwa. Kujerun sun jure, amma alkawarin ci-gaban da aka saye su dominsa bai cika ba.

5.0 Inda Aikin Ya Yi Rauni

Rauni na farko daga girma yake fitowa. Sunan mai masara da ɗinkin basilla sai an matso ake ganinsu. Idan aka lulluɓe dogon gini, aka tsaya daga nesa, duk sai su narke su zama launi guda, abin da ya saura shi ne mamakin girman. To, wannan shi ne ainihin abin da kasuwar duniya ke yi wa lebura, wato ta haɗiye sunansa ta bar adadi. Aikin da ya tashi tona wannan hali yana iya faɗawa cikinsa. Bugu da ƙari, maimaita lulluɓin daga wannan birni zuwa wancan ya sa ya fara zama tambarin fasihin, ana gane mai shi kafin a tambayi abin da yake faɗa game da ginin da ya rufe.

Rauni na biyu ya shafi ciniki. Buhun da mai gawayi ya rabu da shi a kan farashin sabo, idan ya shiga ɗakin baje koli a Turai sai darajarsa ta ninka ba iyaka. A 2015 har shari'a aka yi a Amurka tsakanin Mahama da wasu dillalai biyu a kan buhunan da aka yanyanka aka mayar ƙananan alluna na sayarwa, kafin a sasanta a 2016. Ko da wa ke da gaskiya, shari'ar ta nuna cewa abu ne mai sauƙi a yanki talaucin wani a rataye shi a falo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, kuma ba za a ce mai tarke ya yi zalunci ba idan ya tambayi wane ne kura a nan, wane ne gardi.

6.0 Amsar da ke Tamale

Mahama bai amsa wannan tambaya da baki kaɗai ba. Da kuɗin ayyukansa ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah a Tamale a 2019, da wani makeken wurin aiki mai suna Red Clay a 2020. A 2021 ya buɗe Nkrumah Volini, wani rumbun siminti da aka fara ginawa zamanin Nkrumah aka yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966. Ya sayo tsofaffin jiragen sama ya mayar da su azuzuwan yara, ya kuma ɗauko taragun jirgin ƙasa a kan manyan motoci zuwa garin da layin dogo bai taɓa isa ba. A nan tarkacen ya koma hannun jikokin waɗanda suka yi masa bauta, suna shiga suna taɓawa. Aikin da ya lulluɓe ginin Barbican na Landan da shi a 2024 ma a filin wasan Tamale aka ɗinka shi, da hannun ɗaruruwan masaƙa da maɗinka, aka liƙa masa tsofaffin rigunan saƙi na batakari kimanin 100 da aka karɓo daga gidajen jama'a.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Ibrahim Mahama ya faɗaɗa ma'anar zane ta hanyar miƙa burushi ga 'yan dako da 'yan kasuwa, da yadda jigoginsa na asali da juriya suka tsiro daga jikin kayan aikin kansu. An kuma ga cewa girma da ciniki na iya shafe sunayen da aikin ya tashi bayyanawa. Cibiyoyin Tamale sun rage nauyin wannan zargi, ko da yake ba su kawar da shi ba, tun da kuɗin da ke riƙe da su daga kasuwar nan da ake zargi yake fitowa. Don haka mai nazarin da ke son yi wa fasihin adalci sai ya fara da matsowa kusa da buhun, ya karanta sunan da ke jikinsa, sannan ya ja da baya ya dubi ginin.