Araha da talaka: gyara ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci

Kalmomi biyu sun zama ruwan dare a littattafan karatun manya: araha da talaka. Amma sau da yawa ana aza su inda ba wurinsu ba.

Talaka a asali kishiyar basarake ne, watau matsayi yake nunawa, ba aljihu ba. A Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Runji, attajiri ma talakan sarki ne. Wanda hannunsa bai kai ba, a kasuwannin Agye da Gazawa mai ƙaramin ƙarfi ake ce masa, Gobirawa su ce ƙarhi. Matalauci da matsiyaci kuwa ba a faɗa wa mutum su gaba da gaba.

Araha ma tana ɗauke da raini, tun da Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Shi ya sa mai saye ke neman sauƙi ko rangwame. Gwanjo da bosho tufafin da aka taɓa sawa ne, jabu kuwa kayan bogi.

Ƙamus na Bargery (1934) da na Abraham (1949) a Nijeriya aka tattara su, tun kafin karyewar darajar sefa a 1994 da kwararowar kayan Sin. Ba za su wadatar ba. Ya kamata a tattara kalmomin daga bakin ƴan kasuwa, domin dattijon da darasi ya kira matsiyaci ba zai komo aji ba.