Shafi, Kalmasa da Bugu: Inda Ake Gane Gwanin Ɗinki a Zariya

Duk wanda ya shiga kasuwar Tudun Wada neman babbar riga, ƙirjin rigar yake fara duba. Can ne aska takwas ko aska biyu take, can ne tambari yake. Amma dattijon da ya san kaya, juya rigar yake yi, ya bi bakinta da yatsa. Yana da gaskiya, domin a aikin ƙarshe ake gane ko maɗinki ya mutunta sana'arsa.

Babbar riga ta asali haɗe-haɗe ce. Masaƙa suna fitar da ƙyalle siriri mai tsawo, na saƙi ko tsamiya ko barage, maɗinki ya jera su gefe da gefe, ya haɗa da allura har su zama faffaɗan yadi. Daga nan mai zane ya zana fasali, mai ɗinkin ado ya cike shi, wani lokaci ya kwashe watanni. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1979 a kan wannan ɗinki na Hausawa. A shekarun 1970 matan birnin Zariya suka shiga sana'ar da a da aka sani da maza, suna yi daga cikin gidajensu. A 1994 aka kafa ƙungiyar mata maɗinka mai sunan Sarauniya Amina, wadda ta kai wannan ado kan jakunkuna da shimfiɗun tebur.

Idan an gama ado, saura abu uku. Na farko shafi, wato ƙyallen da ake liƙa wa bakin riga ta ciki. A rigunan sarauta na da, da alharini ja ake yin sa. Shi ke ba riga nauyi ta zauna a jiki, shi ke kare gefunan haɗi daga zarewa, kuma idan mai riga ya naɗe hannunta a kafaɗa, shi ke leƙowa. Na biyu kalmasa. Dole allura ta ɗauki zare kaɗan-kaɗan daga fuskar ƙyalle, tazara daidai, yadda ba za a ga sawunta daga waje ba. Idan aka ja zare da ƙarfi, baki ya tattare. Idan aka sassauta, wanki biyu ya buɗe shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku bugu. Mabuga suna shimfiɗa rigar a kan gungume, su yi ta dukanta da itace mai nauyi har ɗinki ya kwanta, ƙyalle ya ɗauki sheƙi.

Wannan ƙa'ida ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Ingila da Amurka mata suna naɗe guntayen ƙyalle a kan takardu masu kusurwa shida, su haɗa su da hannu irin saƙar zuma. Su ma sai an zare takardun, an sa ƙyallen baya, an ɗaure baki, kafin a kira abin shimfiɗa.

Abin damuwa shi ne, matakin ƙarshe ne gaggawa ta fi ci. Idan Sallah ta matso, mai kaya yana tsaye yana cewa "a yi mini ko yaya ne", sai a bi bakin rigar da keke a guje, alhali an ɓata watanni ana yi mata ado. Kuɗin ma a kan ado ake yanka shi, mai kalmasa sai abin da ya rage.

Gyaran yana hannun mutum biyu. Maigidan shago ya zaunar da yaronsa a kan kalmasa har hannunsa ya faɗa, kafin ya ba shi ɗinkin aska. Mai saye kuma ya koyi juya riga, ya biya ladan abin da ya gani a ciki. Ranar da masu saye suka fara tambayar wanda ya yi shafi, maɗinka za su daina yi masa riƙon sakainar kashi.