Teburin Biya: Kallon Camp de Thiaroye Bayan Binciken Ma'aikatar Tsaro

Duk shekara idan 1 ga Disamba ta zagayo, sai an tono fim ɗin nan na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, Camp de Thiaroye, a yi ta yawo da guntayensa a waya. Kusan kullum wuri ɗaya ake yankowa: daren da tankoki suka kewaye sansanin suka buɗe wuta. A tsine wa Faransa, a yi wa mamata addu'a, a wuce. Ban ce kada a tsine ba. Amma a ganina wanda ya tsaya ga daren harbi kaɗai ya sha romo ne ya bar nama a tukunya. Ƙarfin fim ɗin yana wurin da ba a cika yankowa ba, wurin da ake gardamar canjin kuɗi. Kuma wurin nan ya shafe mu, mu 'yan Nijar, fiye da yadda muke so mu yarda.

Ga wanda bai kalla ba, fim ɗin ya fito a 1988, ya samu babbar kyautar alƙalai a bikin finafinai na Venice, kuma an ɗauki shekaru ba a nuna shi a Faransa ba. Labarin sojojin Afirka ne da suka yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu, Jamusawa suka tsare su, daga baya aka dawo da su wani sansani kusa da Dakar a ƙarshen 1944 kafin a sallami kowa gida. Suna bin bashin albashi da kuɗin sallama. Da suka ƙi tafiya sai an biya su, aka harbe su. Takardun soja na lokacin sun ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba François Hollande ya ambaci 70. Sai a Nuwamban 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Shekara 80 ke nan ana jan lissafi ɗaya.

Sembène ya yi soja da kansa a rundunar Faransa, shi ya sa ya san inda ƙaiƙayin yake. Bai yi gaggawar kai mu ga jini ba. Ya fara da abinci marar nama, da ranar da aka karɓe kakin Amurka masu kyau aka mayar wa mutanen da tsofaffin kayan 'yan mulkin mallaka da jar dara. Sannan ya zaunar da mu a kan maganar canji: kuɗin da suka taho da shi daga Faransa za a canza masu a rabin farashi, har ana yi masu kallon ɓarayi, wai ina baƙin soja ya samu wannan kuɗi. Sojojin nan da ake ɗauka jahilai, masu magana da karyayyen Faransanci domin kowa da harshensa, sai ga su suna lissafi daidai wa daida. Wannan shi ne abin da hafsoshin ba su yafe ba. Soja ya yi ƙorafin yunwa, a ce ya yi haƙuri. Soja ya ce kawo littafi mu duba, wannan tawaye ne.

Fim ɗin yana da rauninsa. Saje Diatta, mai karatun littattafai da sauraren kiɗan Turawa, an wanke shi ƙal har ya fi kama da lauyan da marubuci ya aiko ya yi magana a madadinsa. Yawancin hafsoshin Turawa kuma an zana su da gawayi, mugunta tun daga fuska. Na fi yarda da Pays, wanda Sidiki Bakaba ya fito a matsayinsa, sojan da sansanin Jamusawa ya ƙwace wa magana, yana yawo da hular ƙarfen Jamus, shi kaɗai ya gane cewa wayar da ta kewaye Thiaroye irin waccan ce. Amma raunin da ya fi damuna shi ne wanda mu masu kallo muka mayar abin jin daɗi: tunda azzalumin Bature ne, sai mu kalla hankali kwance, kamar cutar ta hau jirgin ruwa ta koma gida a 1960.

Ba ta koma ba. Ranar 10 ga Disamban 2019 aka kashe sojojinmu 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairun 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Mutum 160 cikin wata ɗaya. Ana cikin wannan zaman makoki sai maganar binciken ma'aikatar tsaro ta fito, binciken da aka yi zamanin minista Issoufou Katambé, wanda sufetocin soja suka gudanar. Rahoton farko ya ce kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Ƙungiyar 'yan jaridar bincike ta OCCRP, wadda ta samu rahoton, ta fitar da bayanin kwangilolin ɗaya bayan ɗaya a cikin 2020.

Na fi tsayawa kan maganar jirage, domin a ƙasa irin tamu jirgi ba ado ba ne. Daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300. Sojan da aka harba a bakin iyakar Mali, ransa yana rataye ne da ko akwai abin da zai tashi ya ɗauko shi kafin jini ya ƙare. To, a 2016 an sayo jirage biyu masu saukar ungulu ƙirar Mi-171Sh daga kamfanin sayar da makamai na gwamnatin Rasha, tare da kayan gyara da harsasai, a kan sama da miliyan 50 na dalar Amurka. Masu binciken suka ce an yi aringizon kusan miliyan 20 a ciki. Yi lissafin da 'yar talla za ta yi: cire aringizon, raba sauran biyu, za ka ga abin da aka ɗora a kai ya isa kuɗin jirgi na uku. Ban ce da akwai jirgi na uku ba wanda zai mutu a Inates ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na ce shi ne an biya kuɗin uku an karɓi biyu, kuma akwai hannun da ya sa wa takardar hatimi.

Kafin nan ma, a 2014, an sayi jirgin shugaban ƙasa ƙirar Boeing 737, wanda aka raɗa wa suna Mont Gréboun, a kan kimanin miliyar 20, kuma ministan tsaro na lokacin, Karidjo Mahamadou, shi ya yi wa jama'a bayanin sayen. Tsohon jirgin tun na zamanin Seyni Kountché ne, saboda haka ba zan yi musun cewa ya tsufa ba. Tambayata ita ce me ya sa abin hawan shugaba zai shiga ƙarƙashin rumfar tsaro, rumfar da duk abin da ya shiga cikinta ba a cika tambayar farashinsa ba.

Nan ne kalmar nan "sirrin tsaro" take aikinta. Akwai sirri na gaskiya: ina runduna za ta kwana, yaushe jirgi zai tashi, wa ke kawo labari daga daji. Ba mai hankalin da zai ce a karanta wannan a rediyo. Amma farashin jirgi ba sirri ba ne ga wanda ya sayar, ba sirri ba ne ga dillali, ba sirri ba ne ga bankin da kuɗin ya ratsa. Ko maƙiyin ma bai damu da nawa aka saya ba, ƙarar farfela yake saurare. Mutum biyu kaɗai ake ɓoye wa: mai biyan haraji, da sojan da zai hau.

Duba kuma yadda abin ya ƙare. Da farko gwamnati ta ce waɗanda suka yi aringizo su mayar da kuɗi, ma'aikatan da ke da hannu a ladabtar da su ta hanyar aiki. Sai da aka yi ca, har ƙungiyar alƙalai ta sa baki, sannan takardun suka isa hannun mai shigar da ƙara. Ranar 15 ga Maris 2020 ƙungiyoyin farar hula suka fito a Yamai, aka tarwatsa su da hujjar dokar korona, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutum uku suka rasu. Maikoul Zodi da Halidou Mounkaila da Moudi Moussa suka yi sama da wata shida a kurkuku. 'Yar jarida Samira Sabou ta yi kwana 48 a tsare kan rubutun Facebook da ya taɓo wannan magana. Lissafin kuwa yana ta ƙanƙancewa: bayan an zauna da 'yan kwangilar, aringizon da aka tsaya a kai ya koma miliyar 12 da 'yan kai, kuma daga baya gwamnati ta janye daga neman diyya a kotu da hujjar an daidaita. Waɗanda suka nemi a duba littafi su ne suka fara kwana a ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Idan wannan bai tuna maka da Thiaroye ba, sake kallon fim ɗin daga farko, kada ka tsallake zuwa tankoki.

Wani zai ce na haɗa hanji da tumbi: can Turawa sun harbe mutane, nan kuwa kuɗi ne kawai. Na yarda ba ɗaya ba ne, kuma ba na son a rage wa mamatan Thiaroye ko ƙwayar zarra. Abin da ya haɗa su shi ne halin hukuma a gaban teburin biya. Idan ƙaramin soja ko magajinsa zai karɓa, hukuma tana ƙirga har dala. Matar da mijinta ya faɗi a fagen daga za ta kawo takardar mutuwa, takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro, takardar zaman iyali da ta nuna wa ke riƙon marayu, kuma da yawan aurenmu a masallaci aka ɗaura shi, ba a ofishin magajin gari ba, sai ta nemo shaidu ta bi ta kotu. Tsohon da ke karɓar fansho sai ya riƙa tabbatar wa hukuma cewa yana raye. Duk wannan ana yi ne wai don kada dukiyar ƙasa ta zube. Madalla. To, wace takarda aka nema daga wanda ya karɓi kuɗin kayan da bai kawo ba? Ashe sikelin yana da kyau, gefe ɗaya kawai ake ɗora masa dutse.

Wannan hali ma gado ne. A ƙarshen 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da za su samu 'yanci, ya zama 'yan mazan jiya a Damagaram da Dosso suna karɓar ɗan abin da bai kai ya kawo ba, abokan ramin yaƙinsu Faransawa suna karɓar ninkin ba ninki. Sai da fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya fito a 2006 aka fara gyara, kuma sai a 2011 aka kammala daidaitawa, bayan yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Ina kawo wannan ne domin marubutanmu su ga cewa fim ya taɓa motsa baitulmali.

Mu fa? Bayan Inates mun samu waƙoƙin ta'aziyya da na zuga, wasu masu daɗi ƙwarai, da baitocin da ke kiran soja zaki da garkuwa. Ba laifi, mai tsaron daji ya cancanci kirari. Sai dai kirari ba ya tambaya, kuma shi ya sa manya ke son sa. Cikin abin da ya zo hannuna na rubutunmu, ban ci karo da labarin da jaruminsa akawun ma'aikata ne da aka miƙo wa takardar jirgi ya ga farashin ya san ƙarya ne, yana da 'ya'ya shida da bashin haya, ga biro a hannu ba. Ban ga wasan kwaikwayon da ya bi gwauruwar soja daga taga zuwa taga ba. Muna gudun lissafi kamar ba adabi ba ne, alhali Sembène ya gina fim na sama da awa biyu a kan farashin canji.

Sojojin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023 sun zo da alkawarin tsabtace gida, suka kafa hukumar COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa, kuma mutane da yawa sun yi zaton za a sake buɗe wancan kundi a bainar jama'a, tunda jinin 'yan uwansu ne a ciki. A watan Fabrairun 2024 sai ga dokar da ta fitar da sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da na ajiyar lissafi da haraji. Hujjar ita ce gaggawa da halin yaƙi, kuma yaƙin gaskiya ne, ana binne samari har yanzu. Amma abin da ya sa aka iya gano aringizon jiragen 2016 shi ne akwai ƙa'idar da aka taka, akwai takardun da sufeto zai ɗora kusa da juna ya ga inda suka saɓa. Sufeton da za a aika nan da shekara biyar ya duba jiragen da ake saye yau, ban ga abin da zai ɗora kusa da me ba.